Kuɗin mota: a hannu ko a kati?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa shiga motar kasuwa daga Tibiri ko Gesheme za ka Dutsi? In ka taɓa, to, ka san irin wannan magana:

— Yaro, nawa na kuɗɗin Dutsi?

— Jika na, Inna.

— Haba ɗana! Makon jiya dala ɗari da hamsin munka biya.

— Inna, mai ya tashi. In kina shiga, ki shiga. In ba ki shiga, ga wani nan bayanki.

Tsohuwa ta kwance bakin zane, ta biya jika. Can sai ga wani mutum, abokin direba. Ya miƙa dala ɗari da hamsin, aka karɓa ba gardama. Kujera ɗaya suka zauna, ƙura ɗaya suka sha, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wani kuma ya ba da takardar jika biyu, aka ce masa babu canji, sai an isa. Da aka isa, karen mota ya shige cikin kasuwa.

A wasu manyan birane an sake wata hanya ta biyan kuɗin mota. Ba a miƙa kuɗi a hannu. Da kati ake biya. A tashoshinmu na ƙauye har yanzu hannu da hannu ne, amma salula ta riga ta iso, kuɗin salula ma sun iso. Gara mu san abin tun bai zo ƙofar gida ba.

Mene ne katin?

Kati ne na roba, bai kai tafin hannu ba. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe irin wanda ke jikin layin salula. Kana zuwa wurin wakili, ka ba shi kuɗi, ya zuba maka su a kati, kamar yadda kake zuba wa salularka kuɗin kira. A bakin ƙofar mota akwai wata ƴar na'ura. In za ka shiga, sai ka taɓa ta da katin. Ta yi ƙara, ta cire kuɗin tafiya, ta nuna maka abin da ya rage.

Birnin Landan na ƙasar Ingila ya fara nasa a 2003, sunansa Oyster. Kigali, babban birnin Ruwanda, ya fara nasa a ƙarshen 2015, ana ce masa Tap&Go. Legas ta Nijeriya ta fito da nata a 2020. Sunansa Cowry, wato wuri, irin kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan Nasara. Da shi ake shiga manyan motocin birnin da jiragen ruwa, har da jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar mutane a 2023.

Abin da katin ya gyara a fili yake. Na'ura ba ta san abokin direba ba. Ba ta duba rigarka ta ce wannan baƙo ne, a ƙara masa. Ba ta cewa babu canji. Tsohuwar nan da abokin direba, in da kati suka biya, kuɗi ɗaya za a cire musu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran dala ashirin ɗinsa ya san haka.

Manyan motocin kamfanoni masu bin babbar hanya, daga Yamai zuwa Doso, Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, sun riga sun yi rabin wannan gyara ba tare da kati ba. Kana zuwa ofishinsu, ka biya, a ba ka tikiti, kuɗin a rubuce. Ba ciniki. Ka lura da wannan da kyau: abin da ya hana cuta a nan shi ne kuɗin da aka rubuta kowa yana gani.

To, amma wa ya yanke kuɗin da na'ura take cirewa? Mutane ne, zaune a ofis. Daga nan maganar take fara nauyi.

Mu yi lissafi

Ɗauko allonka ko littafinka. Kuɗin da za mu sa a nan misali ne kawai, don mu gane yadda abin yake tafiya.

Mu ce an kawo kati a hanyar garinku. Kuɗin mota a da 750 ne. Yanzu an ce mai kati ya biya 700, mai kuɗi a hannu ya biya 1000. Katin kansa ana sayensa 1000. Kuma ba a zuba masa ƙasa da 2000.

Ga ɗan kasuwa mai zuwa Dutsi kowane mako. Zuwa da dawowa, sau 8 yake shiga mota a wata. Da kati zai biya 8 sau 700, wato 5600. Ba kati zai biya 8000. Ya rage wa kansa 2400 a wata guda. Tun watan farko ya maido kuɗin katinsa har da ƙari.

Ga kuma manomi. Shi ba ya shiga mota sai ta kama: yaro ba lafiya za a kai shi likita, ko an yi rasuwa a dangi. Mu ce sau 2 a shekara, zuwa da dawowa. Ranar farko, in yana son kati, sai ya fid da 3000 a take: 1000 na kati, 2000 na zubi. Ranar da yaro ke kwance, wa ke da jika uku ta mota kaɗai? Ga kuɗin magani yana jira. Sai ya ce a bar katin, ya biya 1000 a hannu. Ka gani? Mutumin da a da yake biyan 750, yanzu yana biyan 1000. Mai hali kuwa yana biyan 700.

Mu ce ya daure ya sayi katin. Ya je, ya dawo, an cire 1400. Saura 600 a ciki. Wannan 600 ba ta isa tafiya guda ba, kuma ba ta sayen tiyar hatsi, don a cikin roba take. Tana nan kwance har wata shida.

Kada ka ce wannan lissafin aji ne kawai. A Landan, a 2014, mai kati yana biyan fam 1 da kwabo 45 a motar birni, mai kuɗi a hannu yana biyan fam 2 da kwabo 40. Kamar a ce wani ya biya dala 145, na kusa da shi ya biya dala 240. Da gangan aka yi haka, don a tura mutane su koma kati. Suka koma kuwa, har ya zama tafiya ɗaya tak cikin ɗari ake biya a hannu. A watan Yuli na 2014 aka daina karɓar kuɗi a motocin birnin gaba ɗaya. Kuɗin da ke kwance fa? A 2019 an ƙidaya abin da ke cikin katunan da aka yi shekara ba a taɓa ba, ya kusa fam miliyan 400. Kuɗin mutane ne, suna da ikon zuwa su karɓa, amma da yawa ba su je ba. Wani ya manta, wani ya bar garin, wani bai san ana mayarwa ba.

Akwai wani kuɗin kuma da ba ka gani. Na'urar da ke bakin ƙofa saye aka yi. In ta lalace sai an gyara. Kamfanin da ya haɗa katin yana da rabonsa. Wakilin da ke zuba maka kuɗi shi ma abincinsa ke nan. Ka riga ka san irin wannan: in ka aika wa ɗan'uwa kuɗi ta Nita ko Amana, ko ta salula, akwai abin da ake cirewa na aiki. Kuɗin kati ma haka ne. Ko dai su fito daga aljihun fasinja, ko daga aljihun mai mota, ko daga baitulmalin gwamnati. In mai mota aka ɗora wa, ba da daɗewa ba zai juyo da su kanka.

Na kusa da na nesa

Ga wata tambaya da ta fi ta farko wuya. Mota ta tashi daga Dutsi za ta Doso, tafiyar kusan kilomita 140. Kai a Kore Mairuwa za ka sauka, ba ka ko yi rabin hanya ba. Nawa ya kamata ka biya?

A tasha, wani lokaci direba yakan ce sai ka biya kuɗin kujera har ƙarshe, don bai san ko zai samu wani a hanya ba. Wani lokaci ya rage maka. Ya danganta da yawan mutane ranar, da kuma bakinka.

A Kigali shekaru da yawa haka katin yake yi: ka taɓa sau ɗaya, a cire kuɗin hanya duka, ko da a tsaya ta biyu za ka sauka. Mutane suka yi ta kuka. A watan Disamba na 2024 aka fara gwada wata hanya a wasu layuka: ka taɓa in za ka shiga, ka sake taɓawa in za ka sauka, na'ura ta auna nisan da ka yi, ta cire daidai shi.

Da jin haka za ka ce an yi adalci. Ga na kusa, i, an yi. Amma dakata. Su wa ke nesa? A manyan birane, talaka ne ke zama can bayan gari, inda haya ke da sauƙi, kuma shi ne ke tafiya mai tsawo zuwa wurin aiki. A nan wajenmu, mutumin Sukukutan ko na Dogonkirya ya fi na Kieshe nisa da babbar likita da ofisoshin Dutsi. Ba shi ya zaɓi nisan ba, a can aka haife shi. In kuɗi ɗaya ne ga kowa, na kusa yana taimakon na nesa bai sani ba. In da awo ne, kowa ya ɗauki kayansa. Ni dai a ganina, a hanyar kasuwa awo ya fi daidai, amma a hanyar likita da makaranta bai kamata nisa ya zama tara ba. Kai kana iya ganin wani abu dabam. Ku tattauna a aji. Abin da nake so ka riƙe shi ne, na'ura tana iya yin kowanne daga cikin biyun. Abin da aka ce mata shi take yi.

Kuma ana iya ce mata ta ji tausayi. A Landan ɗin nan da muka ambata, tun 2005 aka sa wa katin iyaka: in abin da aka cire maka a yini ya kai wani adadi, sauran tafiyar ranar kyauta ce. A 2016 magajin garin, Sadiq Khan, ya kawo wani tsari: in ka sauka daga mota ka shiga wata cikin awa ɗaya, ba a sake cire maka. Wannan ya taimaki wanda ba mota guda mai kai shi unguwarsu, sai ya canza. Ka tuna mutumin da zai tashi daga ƙauye a kan kabu-kabu, ya kai bakin kwalta, sannan ya shiga mota. Sau biyu yake biya don tafiya ɗaya. Har ma, lokacin da za su daina karɓar kuɗi a hannu, sun yarda wanda kuɗin katinsa bai cika ba ya shiga sau ɗaya da bashi, a cire in ya sake zubawa.

In mai ya tashi, in mai ya sauka

Ka ji abin da yaron mota ya ce wa tsohuwa: mai ya tashi. Sau da yawa gaskiya yake faɗi. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Mu da ke bakin iyaka da jihar Kebbi mun ji abin a jikinmu, don man kwalba da ake sayarwa a bakin hanya daga can yake shigowa.

A Legas, cikin watan Agusta na 2023, gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa aka rage rabin kuɗin motocin da gwamnati ke kula da su. Da yake da kati ake biya, ba a bukaci a bi direbobi ɗaya ɗaya ana roƙo ba. A wuri guda aka canza lamba, duk na'urori suka bi. Bayan ƴan watanni aka mayar da ragin kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ragin rabin nan, mai kati ne ya same shi, a motocin da ke da na'ura.

A nan Nijar, a watan Yuli na 2024, gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa 499. Kai ne shaida: kuɗin motar garinku ya sauka bayan haka, ko yana nan inda yake? Kuɗin hannu yana saurin hawa, saukowa ce ke ba shi wuya.

Masu cin abinci a tasha

Tasha ba fasinja kaɗai ke cikinta ba. Akwai direba, akwai karen mota, akwai ɗan kamasho mai kiran mutane, akwai masu lodin kaya. Yawancinsu ba su da albashin wata. Daga kuɗin da ke wucewa ta hannu suke samun na tuwo. In kuɗin ya bi ta na'ura kai tsaye zuwa asusun mai mota, su fa?

An gwada a Nairobi ta ƙasar Kenya. A 2013 kamfanin Google da wani banki mai suna Equity suka fito da katin BebaPay don ƙananan motocin haya da ake kira matatu. Gwamnati ma ta ce daga 2014 a daina biya a hannu. Masu motoci da yawa sun so abin, don za su ga duk abin da motarsu ta samu. Direbobi da yaransu ba su so ba. Fasinja ya miƙa kati, a ce masa na'ura ba ta aiki yau. A 2015 aka rufe BebaPay, aka ci gaba da miƙa kuɗi.

Kada mu yi saurin zagin yaran mota. Wanda aka toshe wa hanyar abinci ba a buɗe masa wata ba, dole ya yi gardama. Kuma akwai abin da yaron mota yake yi wanda na'ura ba ta iya ba. Yakan dubi tsoho ya ce: «Baba, kawo abin da ka samu.» Yakan ɗauki matar da ya sani da bashi, ta biya in ta sayar da gyaɗarta da yamma. Yakan ɗora buhun wake biyu da akuya a saman mota, a yi ciniki a daidaita. Hannun da ke cutar baƙo, shi ne kuma ke yi wa na gida sauƙi. In an kawo kati aka kawar da cutar, aka kawar da sauƙin tare, ba a sa wani abu a madadinsa ba, to, tsugune ba ta ƙare ba: an sayar da kare an sayi biri.

Shi ya sa, ranar da wani kamfani ko hukuma suka zo garinku da maganar kati, ko biyan mota ta salula, kada ka tsaya kallon kyan robar. Tambayi nawa ne katin, kuma in ka mayar da shi ana ba ka kuɗinka? Tambayi mafi ƙanƙantar abin da za a iya zubawa. In kuɗin tafiya guda ana karɓa, talaka ya samu shiga. Tambayi ko mai kuɗi a hannu zai biya fiye da kai, kuma da nawa. In katin ya ɓace fa, ko ya faɗa rijiya? A wasu wurare, in an rubuta katin da sunanka, ana maido maka abin da ke ciki. Amma rubuta suna yana son takarda ko lambar salula, kuma mata da tsofaffi da yawa a ƙauyukanmu ba su da su. Ke ƴar'uwa, wannan tambaya taki ce, kada ki bar wa maigida ita. A ƙarshe ka tambayi inda wakili yake. In sai ka je Dutsi kafin ka zuba kuɗin zuwa Dutsi, ai magana ta lalace.

Dala da tamma

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi kusa da wannan aji. Mu da dala muke ƙirga. Na'ura da tikiti da salula kuwa da tamma suke rubutu. Dala ɗaya tamma 5 ce. In na'ura ta nuna 500, ba dala ɗari biyar ba ce, dala ɗari ce. In ta nuna 1000, jika ce, wato dala ɗari biyu. In ta nuna 750, raba da 5: dala 150. In kuwa kana da dala a kai kana son ka san abin da za a rubuta, sai ka ninka sau 5.

A tasha, wanda bai iya karatu ba yana iya ƙirga canjinsa da hannu, don ya san kowace takarda da launinta. A kati babu launi, babu abin taɓawa. Lamba ce kawai take fitowa, ta ɗan tsaya, ta ɓace. In an cire maka sau biyu, ko wakili ya karɓi 2000 ya zuba 1500, idonka ne kaɗai zai kama.

Ga aikin wannan mako. Ranar kasuwa mai zuwa, je tasha da littafinka da alkalami. Tambayi mutum biyar da suka sauko daga mota ɗaya: daga ina suka shiga, nawa suka biya, da kaya ko ba kaya. Rubuta kuɗin kowa sau biyu, da dala da kuma tamma. Ka kawo aji, mu jera su a babban allo mu ga wanda ya fi biya.